Kayan Cikin Ƙofar Tsohuwar Fijo Suna Ƙarewa A Juji

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da na san masu karatu da yawa za su ɗauke shi ƙarami, wataƙila ma su ce tsoho ya rasa aikin yi, alhali kuwa ya ci mini kusan shekara biyu ina fama da shi. Maganar ita ce ta kayan cikin ƙofar tsofaffin motoci, wato allon nan mai rufin leda da masu kushin ke kira domat, da wayindar ɗaga gilashi, da madogarar hannu, da mariƙin buɗe ƙofa ta ciki, da sauran ƙananan tarkacen da ba wanda ke kallonsu sai ranar da suka ɓace.

Motar da ta jefa ni cikin wannan nema Peugeot 504 ce, Fijo a bakin mutanenmu, ƙirar GR ta 1984, wadda mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya saya sabuwa fil da rancen mota lokacin yana aikin gwamnati. Bayan rasuwarsa ta yi shekaru a gindin darbejiyar ƙofar gida, tayoyinta sun nutse a ƙasa, kaji na fakewa a ƙarƙashinta, har sai da na yi ritaya daga koyarwa na sami sukunin waiwayarta. Na ɗauka inji ne zai ba ni wahala, sai ga shi cikin wata uku bakanike ya tayar da shi, domin fistin da ringi da kafireta da kayan birki duk ana samunsu, sabbi da na hannu, a kusan kowace babbar kasuwar kayan mota. Mai bugun jiki ya yi nasa, mai fenti ya yi nasa, motar ta fito fes ga wanda ya hango ta daga nesa. Da an buɗe ƙofa kuwa sai kunya ta kama ni, saboda allunan ciki sun kanannaɗe kamar ganda a wuta, ledar ta tsattsage, wayinda biyu babu su, madogarar hannu ta baya kuma ko alamarta ba a bari ba sai huji biyu.

Abin ya ɗaure mini kai, ganin cewa in akwai ƙasar da ya kamata a ce kayan wannan mota sun yi yawa har sun gundiri mutane, to tamu ce. A 1968 kamfanin Peugeot ya fito da 504 a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai, sannan a 1975 masana'antar haɗa motoci ta Kakuri a Kaduna ta fara aiki. Faransawa sun daina ƙera ƙirar salun tun 1983, amma a Kaduna an ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000, ta yadda Nijeriya na cikin wurare na ƙarshe a duniya da sabuwar 504 ta fito daga masana'anta. Ita ce motar kwamishina da babban sakatare da alƙali da likita, daga baya kuma ita ce ta yi jigilar fasinja tsakanin Kano da Jos da Sakkwato da Maiduguri, musamman wagon ɗin nan mai kujera layi uku. Motar da ta cika tituna haka na tsawon shekara talatin, a ce yau mutum ya karaɗe kasuwanni bai sami allon ƙofarta guda ɗaya mai lafiya ba, lallai akwai dalili, kuma dalilin ne na ga ya kamata a faɗa.

Domin mai karatu ya fahimci inda matsalar take, bari in bayyana yadda ƙofar take a ciki, tunda ni kaina ban sani ba sai da aka tuɓe ta a gabana. Ƙofar mota akwati ce ta ƙarfe mai rami, a cikin ramin ne gilashi ke sauka, a nan kuma injin ɗaga gilashin da sandunan makulli suke. Ba a yi ta don ta hana ruwa shiga kwata-kwata ba. Ruwan sama yana bin gilashi ya silale ciki ta gefen robar da ke share gilashin, sannan ya fice ta wasu ƙananan huji da aka bari a gindin ƙofar. Tsakanin ƙarfen da allon da muke gani daga ciki akwai wata siririyar leda da aka manna, aikinta kawai ta tare danshi kada ya taɓa allon. Shi kuwa allon, garin katako ne da aka matse, kaurinsa kamar milimita 3, irin wanda kafinta ke rufe bayan kabad da shi. An shimfiɗa masa soso marar kauri, an lulluɓe shi da leda mai kama da fata, an naɗe bakinta ta baya, sannan aka maƙala shi jikin ƙofar da ƙananan kilif da ke shiga huji-huji a kewayen ƙarfen.

Lalacewar takan faro ne daga ƙasa. Ƙurar hunturu tana taruwa a gindin ƙofa, ruwan farko na damina ya mayar da ita taɓo, taɓon ya toshe hujin da ruwa ke bi, sai ruwa ya sami wurin kwanciya. In kuma aka yi rashin sa'a wani rewaya ko bakanike ya taɓa buɗe ƙofar don gyaran makulli, to da wuya ya mayar da siririyar ledar nan, domin a ganinsa ba ta da wani amfani, yage ta yake yi ya yar. Daga nan allon ya shiga shan danshi, ya kumbura da damina, ya bushe ya tanƙware da hunturu, shekara bayan shekara, har gindinsa ya koma kamar tsohon kwali, hujin da ke riƙe da kilif su rududduge. Sai ƙofa ta fara kaɗawa a kan gargada, sai mai mota ya nemi dogayen sukuru ya ɗaure allon ta gaba, ya huda ledar a wuri goma don ya huta da ƙara.

Abin da ruwa ya bari, rana ke ƙarasawa. Ledar nan roba ce da aka cakuɗa da wani irin mai a masana'anta domin ta yi laushi, kuma zafin bazara a cikin motar da aka rufe gilasanta yana tsotse man nan sannu a hankali, har ledar ta ƙanƙance ta bushe ta riƙa fashewa a saman ƙofa inda rana ta fi duka. Yaran wankin mota da ke goge ta da fetur ko kananzir don ta yi ƙyalli, gaggauta mata mutuwa suke yi ba su sani ba. Sauran ɓarnar kuma ta hannunmu ce. Akwai samarin da suka yanke tsakiyar allo da wuƙa suka dasa sifika. Duk wanda ya shiga motar haya a shekarun 1980 da 1990 kuma zai tuna yadda direba kan cire wayindar ƙofofi uku ya bar guda ɗaya tak a wurinsa, idan zafi ya ishi fasinjan baya sai ya ce, “Direba, a taimaka da wayinda,” a miƙa ta hannu zuwa hannu, ya sauke gilashinsa ya mayar. Dariya abin yake ba mu a lokacin. Yau na gane cewa ukun nan da aka cire daga kowace mota ba wanda ya san inda suka shiga, guda ɗayan da ta rage kuma haƙoranta sun cinye saboda yawan sawa da cirewa, shi ya sa in ka same ta a kasuwa sai ka ga tana juyawa a banza gilashi bai motsa ba.

Dole in faɗi nawa kuskuren, domin shi ya fi ci mini rai. Da farko na kai ƙofar direba wurin wani matashi mai kushin, na ce masa ya gyara, na tafi sallar Azahar na biya ta gida na ci abinci. Kafin La'asar ya gama. Ya ɓalle tsohon allon da sukurudireba, ya karya shi biyu ya jefa a tulin shara, ya yanko sabon allo da kimantawar ido, ya shimfiɗa masa soso mai kauri kamar na katifa, ya lulluɓe da baƙar leda mai sheƙi, ya ɗaure da sukuru masu farin kai. Yana murna yana cewa, “Baba, ai yanzu ta fi sabuwa kyau.” Hujin wayinda bai zo daidai ba, don haka ya faɗaɗa shi da wuƙa, kaurin soson kuma ya sa wayindar na gugar leda duk juyi ɗaya. Da na nemi tsohon allon, aƙalla a yi amfani da shi wajen fitar da zubi, sai na tarar rabinsa ya riga ya shiga wutar mai shayin da ke maƙwabtaka da shi. Garin gyaran gira an rasa ido. Na yi fushi a ranar, amma da na natsu sai na ga laifin nawa ne fiye da nasa, domin abin da abokan cinikinsa ke nema kenan kullum, aiki mai sauri mai araha da zai kai motar haya shekara guda, ni kuma ban zauna na gaya masa cewa tsohon nan da yake gani shara shi ne dukiyar ba.

Daga nan na shiga yawon nema. Na je Panteka a Kaduna, na je Ƙofar Ruwa a Kano, na aika saƙo ga wani ɗan uwa da ke Legas ya duba mini kasuwar Ladipo. Ko'ina an karɓe ni da mutunci, kuma ko'ina amsar kusan ɗaya ce: in inji ne ko giya ko aksul akwai, in ƙofar ce ma sukutum za a iya nemo wa, amma tsirararta, babu komai a cikinta. Ban fahimci dalili ba sai ranar da wani yaron kasuwa ya kai ni wani filin 'yan gwangwan a bayan gari, inda na tarar ana cikin fasa wata wagon fara. Samari uku ne a kanta, ɗaya da guduma, ɗaya da kurfi, ɗaya da wutar gas. A gabana aka ɓalle ƙofar baya, ɗayansu ya sa ƙafa ya danne ta, ya cusa kurfi ya fincike allon ciki da ƙarfi ɗaya, ya wurga shi kan wani tuli inda kujeru da silin da robobin gilashi ke jiran ashana. Allon nan ruwan ƙasa ne, kalar allunan tawa motar sak, kuma kafin kurfin ya shige shi babu abin da ya same shi sai datti. Na daka musu tsawa ba da niyya ba, suka tsaya suna kallona. Da na ce zan sayi ɗaya allon da ba a kai ga ɓallewa ba, babbansu ya yi dariya ya ce, “Alhaji, wannan ai shara ce, ba ta hawa sikeli.” Da kaina na durƙusa na cire shi a hankali, kilif bayan kilif, suna yi mini kallon wanda ya taɓu.

Maganar yaron nan ita ce amsar da nake nema. Sana'arsu a kan nauyi take, ƙarfe da alminiyam da jan ƙarfe suke aunawa a kilo, a loda wa manyan motoci a kai masana'antun narka ƙarfe a mayar da shi rodi. Duk abin da ba ƙarfe ba ne cikas ne a wurinsu, kujera ma ƙona ta ake yi don a fitar da waya da sifirin. Ba na ganin laifinsu, neman halaliyarsu suke yi, kuma ba wanda ya taɓa zuwa ya ce musu akwai mai so. Sai dai fistin ana iya ƙera sabo a kowace ƙasa, ana kuwa yi, amma allon ƙofa mai ainihin zubinsa da kalarsa in ya shiga wuta ya tafi kenan, kuma kowace rana ana fasa irin waɗannan motoci a garuruwanmu.

Wanda zai shiga irin wannan nema ya sani cewa sunan mota kaɗai ba ya isa. Ƙofar baya ta wagon da ta salun ba ɗaya ba ce, na dama da na hagu ba sa musanya, sannan tsakanin ƙirar GL da GR da SR, da tsakanin shekara da shekara, akan sami bambanci a zanen leda da siffar madogarar hannu da inda aka huda. Ni da tsohon allon a hannuna nake yawo, in ya yi nauyi in ɗauki takardar buhun siminti da na zana zubinsa a kai, har da wurin kowane huji. Idan aka miƙo maka allo, bayansa za ka fara dubawa kafin gabansa, domin gaba ana iya goge shi da mai ya yi ƙyalli, baya kuwa ba ya ɓoye tabon ruwa. Wasu sun ba ni shawarar in leƙa Maraɗi ko Damagaram, kuma shawara ce mai tushe, tunda a shekarun 1970 da 1980 matasan Turawa kan sayi tsofaffin Fijo su ratso Sahara da su ta Tamanrasset zuwa Agadas da Yamai su sayar. Abin lura kawai shi ne yawancin waɗancan ƙirar Faransa ne, kayan cikinsu ba lallai su dace da na Kaduna ba, ko da kuwa ƙarfen ƙofar ya zo daidai.

Gyaran da ya yi mini daɗi a hannun wani dattijo mai kushin na same shi, wanda ya ce mini tun farko in ina sauri in nemi wani. Kwana tara ya yi a kan ƙofofi uku, ni kuma kusan kullum ina zaune a benci ina kallo. Kafin ya taɓa allon sai da ya cire wayinda da mariƙi da madogarar hannu, yana leƙa bayan kowanne da tocila, domin a motocin wancan zamani wani da sukurun da ke ɓoye a ƙarƙashin murfi ake riƙe shi, wani da fil, wani da ɗan ƙarfe mai siffar kofaton doki, kuma wanda ya ja da ƙarfi bai duba ba shi ke karya abin da ba shi da madadi. Sannan ya naɗe bakin wani faffaɗan ƙarfe da tsumma, yana cusa shi dab da kowane kilif yana ɗagawa, ba a tsakanin kilif biyu ba inda allon zai tsage. Da allon ya fito sai ya shanya shi a rana kamar rabin awa har ledar ta yi laushi, ya ciccire ƙananan ƙusoshin baya ɗaya bayan ɗaya, ya shiga ɗaye ledar kamar mai fiɗar ɗan akuya.

A nan ne na ga inda gwaninta take. Layukan adon da ke jikin ledar ba ɗinki ba ne, da na'ura mai zafi aka danna su a masana'anta har ledar ta narke ta manne da abin da ke ƙarƙashinta, kuma babu telan da zai iya mayar da irinsu da keke. Saboda haka da ya iso kan kowane layi ba ya ja, sai ya sa siririyar reza ta ƙasa ya yanko shi tare da ɗan ɓawon tsohon allon. Inda ledar ta tsage, ta baya ya yi mata maho da ƙyalle marar kauri, ya haɗa bakin tsagar har sai ka matso za ka gani. Tsohon allon ya ɗora a kan sabon falanki mai kauri iri ɗaya, ya danne da duwatsu don ya miƙe, ya zana kewayensa da kowane huji da fensir, ya yanka ya huda, ya gwada shi tsirara a jikin ƙofa har sau biyu kafin ya yarda. Bayan haka ya shafe shi da banish gaba da baya, musamman bakin da aka yanka, wanda ya ce ta nan ruwa ke fara shiga. Soso siriri ya sa, gam kuma a baya kawai ya shafa inda bakin ledar ke naɗewa, domin in gam ya jiƙa soso ta gaba sai ya bushe ya bar ramuka a fuskar allon. Kafin ya mayar, ya zure hujin gindin ƙofa da waya har wani busasshen taɓo mai cika gwangwanin madara ya zubo, ya shafa wa injin gilashi giris, ya canza robar share gilashi, ya yanko sabuwar leda mai kauri ya manna a jikin ƙarfen, ya cusa gindinta ta cikin ƙofar yadda duk ruwan da ya bi ta zai koma ciki ya fice ta ƙasa. Wannan mataki na ƙarshe bai ci kuɗin kirki ba, amma in aka tsallake shi duk wahalar kwana taran ta damina biyu ce ko uku.

Ƙananan kayan roba su ma da nasu hali. Sufa gulu da kowa ke rugawa gare shi yana barin farin tabo, kuma da zafi ya buga sai ya sake ɓallewa. Dattijon ya nuna mini wani gwaji: a ɗiga ruwan goge jan farce a bayan abin, inda ido ba ya gani. In wurin ya yi danƙo, to robar irin wadda ke narkewa ce, ana iya jiƙa ɓarɓashin irinta a cikin ruwan har ya zama kamar kunu, a cike tsagar da shi, ya bushe ya zama jiki ɗaya. In bai yi danƙo ba, gam ba zai riƙe ta ba, sai dai a narka ta baya da ƙarfen soda a nutsa 'yar ragar waya a ciki. Kilif kuwa na asali kusan duk sun mutu, amma da muka auna faɗin hujin muka je da samfuri kasuwa, mun sami na wata motar da suka shiga daidai.

Abokai da dama sun ce mini me zai hana in huta da wannan wahala in sa dukawa su rufe ƙofofin da fata ta gaske, tunda muna da jar akuyar Sakkwato da fatarta ta yi suna har Turai tun zamanin fatake. Na yi tunanin abin sosai, kuma ban raina shi ba. Wanda allunansa suka riga suka hallaka, fatar da aka jeme da kyau a hannun baduku ta fi ledar kasuwa mai sheƙi daraja nesa ba kusa ba, in dai za a riƙa shafa mata mai kada hunturu ya busar da ita. Ni dai ban yi ba, saboda ba haka motar ta fito daga Kakuri ba, kuma abin da nake nema shi ne in buɗe ƙofa in ga abin da na saba gani ina yaro, har da ɗan wurin da gwiwar hannun mahaifina ta koɗe a saman ƙofar gaba. Wancan wurin kam ya tafi tare da allon da ya shiga wutar mai shayi.

A Faransa, kamfanin Peugeot yana da gidan tarihi a garin Sochaux tun 1988, kuma ƙungiyar da ke kula da tarihinsa tana sayar da wasu kayan tsofaffin motocin, ga kuma ƙungiyoyin masu sha'awa da ke musayar kaya a tsakaninsu ta intanet. Ɗana ya duba mini, muka ga abin da ake nema a kan wayinda ɗaya da kuɗin aiko ta, muka lissafa da canjin yau, sai muka rufe wayar. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, irin kayan da suke nema ruwa a jallo can, suna biyan kuɗi mai tsoka a kansu, su ne muke cinna wa wuta a nan. Shi ɗan nawa ya kuma nuna mini cewa na'urar nan ta 3D da ke fitar da abu da roba daga zanen kwamfuta tana iya yin maɓallin kulle ko zoben bayan wayinda, in dai akwai na asali guda ɗaya mai lafiya da za a auna. Ko wannan sabuwar dabara ma ashe sai da tsohon a hannu.

Saboda haka nake kira ga shugabannin 'yan gwangwan da su gaya wa yaransu cewa kafin a sa guduma a tsohuwar mota, ko Fijo ce ko Marsandi ko Volkswagen ɗin nan mai kama da kunkuru da aka riƙa haɗawa a Legas, a ɗauki minti goma a cire allunan ƙofa da wayinda da mariƙai a ajiye a inuwa. Ba sadaka nake roƙo ba, ciniki ne, domin abin da na biya a kan allo ɗaya ya fi abin da za su samu a kan kilo da yawa na ƙarfe. Masu kushin kuma, ko da mai mota ya nace a yi masa sabo, su daina karya tsohon. Su zana zubinsa a takarda su rubuta sunan motar da shekararta da ɓangaren ƙofar, su rataye a shago, domin wata rana takardar nan kaɗai za ta kawo musu aiki. Dattijon da ya yi mini gyara ya haura shekara saba'in, yaransa biyu ne, kuma ya ce duk sun fi son aikin kujerun Keke Napep saboda kuɗinsa a take yake. Da makarantun koyon sana'a za su gayyaci irinsa ko da sau ɗaya a zango ya nuna wa ɗalibai yadda ake ɗaye leda ba a yaga ta ba, da an rage asara.

Kai kuma, ranka ya daɗe Edita, ina roƙon ka duba yiwuwar ware ɗan filin cigiya a wannan jarida, ko da sau ɗaya a wata, inda mai neman kayan tsohuwar mota da wanda yake da su jibge a sito za su ji labarin juna. Na tabbata akwai gidaje da dama da wata tsohuwar ƙofa ke jingine a bayan ɗaki an rufe akurkin kaji da ita. In an buɗe filin, ni ne zan fara: ina neman allon ƙofar direba na 504 salun, ruwan ƙasa, ko da gindinsa ya ruɓe in dai ledar na nan, da madogarar hannu ta ƙofar baya ta hagu, da wayinda guda ɗaya mai sauran haƙora. Na bar adireshina a ofishinku ga duk wanda Allah ya sa yana da su.

Wassalam.

Naku mai karatu a kullum,
Tsohon malamin makaranta,
Tudun Wada, Zariya.